Ɗan Wane Tara Yake

Litinin, 4 ga Agusta, da hantsi

Sun wuce da shi Katsina. Asibitin nan sun ce abin ya fi ƙarfinsu. Talatu ta bi motar da mayafin da ke jikinta, ko takalmin kirki ba ta saka ba. Ni na tsaya a zaure, don dole wani ya tsaya ya amsa jaje. Haka na gaya wa maƙwabta, haka kuma zan rubuta.

Babban yaron gidan nan ne, na farinmu ni da Talatu. Mijin Zubaida.

Abin da ya faru a hanyar Kongolam jiya, bayan an tashi daga kasuwar Mai'aduwa, na ji shi iri-iri. Kowa da nasa labarin. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa ɗalibai yadda ake tace labarin baka, yau ga labari ya zo har ƙofar gidana, ban tace ba, ban tambaya ba. Hularsa kawai aka kawo mini. Na tura ta bayan littattafai.

Talata, 5 ga Agusta, bayan la'asar

Bai farfaɗo ba. An yi ruwa.

Laraba, 6 ga Agusta, bayan azahar

Wani saurayi ya yi sallama, na zaci ɗan jaje ne, ashe aiki ya kawo. Yazid sunansa, injiniya ne a Kano. Wani ya gaya masa akwai tsohon malamin tarihi a Daura da ke tono wa mutane salsalarsu. Ba ƙarya aka yi masa ba. Tun da kwalejin horon malamai ta sallame ni da agogon bango, abin da nake yi ke nan. Littafin da na rubuta a kan tsoffin unguwannin garin nan yana cikin akwati, gara ce kaɗai ta karanta shi har ƙarshe.

Ya zauna a ƙasa duk da na nuna masa kujera. Ya ce, "Baba Malam, ba sarauta nake nema ba. Suna ɗaya kawai."

Na ce, "Kowa haka yake cewa. In na tono masa majemi ko mahauci sai ya daina ɗaukar wayata. Duk mai kuɗin ƙasar nan daga Bagadaza kakansa ya taso, ko daga Madina. Ban san wanda ya noma geron da suka ci ba."

Ya yi murmushi. Ya ce mahaifinsa, Amadu, ya rasu bara. Shi Amadu yana goye uban ya mutu, wani kawu ya ɗauko shi riƙo daga ƙauye, ya sa shi makaranta da sunan shi kawun. Har Amadu ya koma ga Allah bai san sunan yankan ubansa ba. Yanzu matar Yazid ta shiga watanta, hoton asibiti ya nuna namiji, yana so ya mayar da sunan kakan.

"Me ake kiransa a ƙauyen?"

"Jatau."

"Jatau ai launin fata ne, ba suna ba. Babu wanda ya rage da ya san shi?"

"Matarsa tana nan. Kakata Kubura, a wani ƙauye gaba da Dutsi. Hankalinta garau."

"To me ya kawo ka wurina?"

"Ba ta faɗa, Baba Malam. Mijin farinta ne. Ta ce ko a kabari aka tambaye ta sai dai ta nuna da baki."

Na yi dariya. Rabona da dariya tun Lahadi. Na karɓi aikin, ban san dalili ba. Ko kuwa na sani.

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan sakkowa daga masallaci

Na buɗe akwati na fito da sunayen masu haraji da na kwafa da hannuna a gidan adana takardu na Kaduna, lokacin ina ganin za a yi abin kirki da ni. A ƙauyen akwai Jatau Maƙeri, akwai Jatau Dogo, akwai Jatau kawai. Mai karɓar haraji ba ruwansa da abin da liman ya raɗa maka a kunne, sunan da za ka amsa shi yake rubutawa. Takarda ta ƙare a nan. Kullum a nan take ƙarewa, daidai inda ake buƙatarta.

Liman ya sa an yi addu'a a masallacin unguwa. Ya ambaci sunan da ƙarfi a lasifika. Na sunkuyar da kai ina duban tabarma.

Asabar, 9 ga Agusta, da magariba

Talatu ta bugo. Ta ce, "Malam, ɗan nan yana nan dai." Na ce to. Tana jira in tambayi jikinsa. Na tambaye ta ko ta ci abinci.

Ban tambaya ba.

Talata, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Mun je ƙauyen da motar Yazid. Gero ya fitar da kai tun daga nan har Dutsi, bana kam an samu damina, ga wanda abin ya dama.

Tsohuwar tana zaune a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Ƙarama ce kamar yarinya, idonta ɗaya ya yi fari. Da ta ji muryar Yazid sai ta ce, "Angona ne? Ka zo da cefane ko ka zo da surutu? Na ji amaryar da ka yi mini ta kusa juyewa. In na sake ka kada ka yi kuka."

Ya ce, "Ke da haƙori biyu, wa zai kwashe ki in ba ni ba?"

"Biyun nan sun ga bayan naman da ubanka bai gani ba."

Na bar su suka gama, sannan na fara aikina. Ba a tambayar tsoho abin da ake so kai tsaye, zagaye ake yi. Na tambaye ta rijiyar da suke ɗiba, shekarar fara, wanda ya ɗaura auren. Ta ba ni sunan limamin, da na ubansa, da na jakin limamin. Ta lissafo mini ƙannen mijin su huɗu, da wanda ya tafi Damagaram bai dawo ba. Duk sun mutu. Da na iso kan mijin sai ta ce, "Shi wannan ɗin."

Na ce, "Iya, sunan da aka yanka masa rago da shi muke so. Jikanki zai mayar."

"Ya mayar mana. Wa ya hana shi?"

"Ai sai an sani."

"To ku sani."

Na gwada dabarar da na saba. Na ce zan jero sunaye, in na zo kan nasa ta yi tari kawai. Ta ce ita ba ta da mura. Yazid ya ce ta raɗa wa wata jikarta a kunne. Ta ce, "Kunne ba baki ne ke kai masa ba?" Ya fara ɓata rai, ya ce wannan wace irin al'ada ce, mutum ya mutu tun kafin a ba ƙasa mulkin kai. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ta ce, "Yi haƙuri, angona. Ɗan wane tara yake, bai cika goma ba. Nawa gibin ke nan."

A hanya ya ce mini, "Baba Malam, kai da ka yi karatu, wannan ba zalunci ba ne?" Na ce masa na taɓa gabatar da takarda a jami'a a kan alkunya, na ce al'ada ce mai mutuwa, ba za ta kai ƙarshen ƙarni ba. An tafa mini. Ya ce to ga shi ba ta mutu ba. Na ce ya kula da hanya, akwai shanu a gaba.

Laraba, 13 ga Agusta, da asuba

Babu sabon labari. Hular ta faɗo daga bayan littattafai. Na mayar.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan azahar

Zubaida ce ta bugo, da kanta. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kiran wayata ba, ko gaisuwa daga bayan labule take yi, a durƙushe. Muryarta ta dushe.

Ta ce, "Baba, ku gafarce ni. Likita ya ce mai irin wannan barcin wani lokaci yana ji. Ya ce na jikinsa su riƙa yi masa magana, su kira shi. Mun kira shi da duk abin da muke kiransa. Saura ku."

Na ce akwai aiki a hannuna, na wani bawan Allah da matarsa ta kusa haihuwa. Ta ce to, Baba. Ta yi mini sallama ta ajiye waya. Yarinyar tana da tarbiyya, abin da ya fi ciwo ke nan.

Na zauna ina lissafin abin da suke kiransa. Zubaida tana cewa Baban Fadila. Ƙannensa, Yaya. 'Ya'yansa, Abba. Talatu, ɗan nan. Yana ƙarami mahaifiyata tana ce masa Maigida, don sunan mijinta aka sa masa, sunan mahaifina, ta tafi kabari da wannan. Sunan nasa kuwa na 'yan kasuwar shanu ne, da malaman makaranta, da ma'aikaciyar jinya da ke karanta shi a jikin kati. Duk wanda ke iya faɗinsa zai iya komawa gida ya yi barci.

Ni me nake kiransa? Kai. Kai, zo nan. Kai, an ba dabbobi ruwa? Ɗan fari ne, kuma mai sunan ubana. Ƙofa biyu aka kulle.

Haka mahaifina ya yi da yayana. Da yayan ya karye a ƙafa bai leƙa ɗakin ba, sai dai ya tsaya a tsakar gida ya tambayi bango, "Masu ciwo sun kwana?" Ba wanda ya ce ba ya son sa. Kowa ya san wanda ba a ambata shi ne ya fi nauyi.

Juma'a, 15 ga Agusta

Ban fita ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, da hantsi

'Yan kasuwa abokansa sun biyo kafin su wuce Mai'aduwa. Sun cika zaure da warin shanu da addu'a. Ɗayansu ya fara ba da labarin yadda aka same shi, na ce a kawo musu ruwa. Ya gane, ya sauya magana. Da za su tashi babbansu ya ce, "Sai haƙuri, Malam. Ɗan Adam ba a bakin komai yake ba."

Suna fita na tsaya da buta a hannu.

Na dawo na buɗe abin da na rubuta ranar Talata. Ɗan wane tara yake. Ba wanda ke faɗin karin maganar nan haka. Ko yaron goye ya san ɗan wa ake cewa. Na tuna kuma da take ba da labarin shekarar yunwa ta ce, "jikokin mijin Hauwa sun sha wuya," na ɗauka salon tsufa ne. Matar nan ta shekara saba'in tana zagaye kalma ɗaya kamar mai zagaye rijiya a duhu. Ta canza karin magana, ta canza sunan Annabi, don kada bakinta ya taɓa shi. Ni kuma na je ina sauraron abin da take faɗa.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Irin daɗin da na manta da shi. Na ɗauki waya in gaya wa wani, sai na ga lambar da yatsana ya nufa, ta babban yaron ce. Shi ne kaɗai a gidan nan yake tsayawa ya ji irin wannan shirmen nawa, yana tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu, ba ya zama.

Na bugo wa Yazid.

Talata, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Ba na ba mutum suna sai na tabbatar. Mun koma.

Yau ganyen rama take tsinka. Bayan gaisuwa na matsa kusa, na ce, "Iya, ba tambayarki zan yi ba. Ni zan yi magana, ke ki yi ta aikinki." Sannan na faɗa, a hankali, kamar mai sallama a ƙofar ɗaki.

"Adamu."

Hannunta ya tsaya. Ta saki ganyen, ta jawo mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta juya wa bango, kamar amaryar da aka kawo jiya. Tsohuwa mai haƙori biyu. Yazid ya buɗe baki zai yi tsokana, ya kasa, ya fita waje ya tsaya wajen motarsa.

Daga cikin mayafin ta ce, "Kai dai ba ka da kunya, Malam."

"Sana'ata ce, Iya."

"Rabon da in ji shi a bakin wanda ya san da wa yake, tun uwarsa na da rai." Ta sauke mayafin kaɗan. "Angona ya ce kana da mara lafiya a Katsina. Wane ne?"

Na ce, "Wani yaro ne na gidanmu."

Ta dube ni da idon nan mai gani. Sai ta yi 'yar dariya. "Wani yaro. Ashe kai ma namu ne. Na zaci boko ya wanke ku."

Ta ɗauki ganyenta ta ci gaba. Can ta ce, ba ni take kallo ba, "Ranar da aka shigo da shi daga gona, maciji ne, an kwantar da shi a nan inda kake zaune. Mutane sun fita neman mai magani, aka bar ni da shi. Na yi ta cewa, kai, kai, bawan Allah. To kowa ma bawan Allah ne. Ina zai san da shi nake?"

Na ce, "Kin yi nadama?"

"Nadamar me? Kunya ce, da ita aka san mu. Na dai gaya maka yadda aka yi."

Ta ba ni rama a ƙullin leda, wai in kai wa mai jinya.

Laraba, 20 ga Agusta, da magariba

Yazid ya rubuto, ya zana bishiyar gidansu a kwamfuta, Adamu a sama, Amadu a ƙasansa, shi, sannan wani fili da ke jira. Ya ce in faɗi abin da zai ba ni. Na ce ya bari sai an sauka lafiya.

Talatu ba ta bugo ba. Ramar tana yanƙwanewa a kan tebur.

Alhamis, 21 ga Agusta, da asuba

Na gwada a ɗaki, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Na rubuta sunayen matattu sun fi dubu, na karanta su a gaban jama'a ba tare da muryata ta girgiza ba. Wannan ya ƙi fitowa. Ina buɗe baki sai in ga mahaifina zaune a kan buzunsa yana dubana.

Asabar, 23 ga Agusta

An sauka lafiya a Kano. Namiji.

Daga Katsina, ƙanen babban yaron ya ce likitoci sun kira su gefe sun yi magana. Ban tambayi me suka ce ba. Na tambayi ƙarfe nawa motar farko take tashi.

Lahadi, 24 ga Agusta, Katsina, bayan la'asar

Ina rubutu a kan benci a barandar asibiti.

Talatu ta rame. Da ta gan ni da hular a hannu da ƙullin busasshiyar rama, sai ta tashi ta ba ni kujera. Ba zan rubuta yadda na same shi ba. Gemunsa ya yi furfura a gefe. Ban san yana da furfura ba. Ban taɓa duban fuskarsa tsawon haka ba, ba a yi.

Na ce, "Masu ciwo sun kwana?" Na ji muryar mahaifina ce ta fito.

Zubaida ta dubi Talatu. Su biyun suka tashi suka fita, suka ja ƙofa. Sun san abin da na zo yi, kuma ba abin da za su tsaya su ji ba ne.

Na ce, kai. Na sake cewa, kai. Injin da ke gefensa yana ta ƙararsa. Na tuna da tsohuwa da mijinta a tsakar gida.

Sai na faɗa. Ya fito a karkace, kamar kalmar wani harshe da na koya a littafi ban taɓa jin an furta ba. Rufin ɗakin bai faɗo ba. Na sake faɗa. Na yi ta faɗa har bakina ya saba, har na daina jin na mahaifina a ciki, ya zama nasa shi kaɗai.

Ba abin da ya motsa. Aka kira sallah na fito.

Talata, 26 ga Agusta, da hantsi

Jiya ma haka. Ina zuwa, matan su fita.

Asabar, 30 ga Agusta, bayan azahar

Yau suna a Kano. Yazid ya bugo, ana ta hayaniya a bayansa. An raɗa wa yaro Adamu. Sun ɗauko tsohuwar da mota, an sa mata shi a cinya, ta ce, "Maigida, ka daɗe a hanya." Ya ce yanzu kuma matsalar, duk gidan an rasa mai kiran yaron da sunansa a gabanta, har an fara ce masa Abba. Na ce haka ake yi. Nan da shekara saba'in wani zai zo neman wani irina.

Da safe, ina cikin kira, ya buɗe ido.

Likita ya ce kada mu ɗora wa abin nauyi, yakan faru, ba ya nufin komai tukuna. Na ji. Na yi karatu, na san abin da tukuna take nufi.

Amma na ga abin da na gani. Ina zaune dab da kansa, hannuna a kan gadon. Ya buɗe ido, bai dube ni ba. Ƙofa ya duba. Yana neman wanda ya shigo yana kiransa, wani abokin kasuwa, wani malamin makaranta. Ya san sunan, ya san muryar, bai taɓa jin su tare ba.

Na ce, "Nan nake. Ni ne."

Idon ya koma ya rufe.

Na gaya wa Talatu ta aika a kawo mini kaya daga Daura. Akwatin takardu a bar shi inda yake. Gobe da safe zan sake kira, da jibi, har ya gane daga inda sunan yake fitowa.

Ma'aruf. Da Larabci, wanda aka sani.

Ma'aruf ɗan Harisu ɗan Ma'aruf.